Kawu Abdulghani Mai Takin Madain Fahd

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, sha biyu ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran kawuna Abdulghani a nan Jidda, bayan doguwar jinyar ƙoda.

Kawu, a wurinka muka fara jin cewa ɓawon kankana ba shara ba ne. A ɗan filin bayan gidanmu na unguwar Madain Fahd kake tara ragowar kayan miya da masu shagunan unguwa ke zubarwa, ka gauraya da busasshen ganye da ƙasa, har ya ruɓe ya zama taki. Da shi ka raya yakuwa da kuɓewa irin na gida Sudan, kuma babu maƙwabcin da bai yi miya da su ba.

Wata shekara zafi da laima suka yi yawa, wari ya tashi. Maƙwabcinmu Saleh, wanda matarsa ke fama da asma, ya kai ƙara baladiyya, wato hukumar birni. Hankalinmu ya tashi. Mahaifiyata ta ce maka, "Yaya, halas, ya isa haka, ka kwashe shi. Baƙo mai iƙama, mai zama da takardar izini, ba ya jan magana da hukuma."

Ka yi murmushi ka ce, "Rahamatu, Saleh bai yi ƙarya ba, akwai wari. Gyarawa zan yi."

Ka matsar da takin nesa da tagarsu, ka yi masa murfi, ka daina karɓar ragowar kifi. Sannan ka yi ta zirga-zirga a ofis, ƙafafunka a kumbure, har aka zo aka duba, aka ba ka izini a rubuce. Ranar ba ka yi wa kowa gori ba. Gidan Saleh ka fara nufa ka gaida mai jiki, kuka sha shayi.

Kullum burinka a samu dokar da za ta kare duk mai wannan aiki matuƙar ya tsaftace wurinsa, ta kuma saurari maƙwabci idan ya cutu. Da ciwo ya kwantar da kai, Saleh ne yake shigowa da safe yana juya maka takin, yana mita yana juyawa.

Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane ganye da aka ci daga hannunka ya zama sadaka mai gudana. Inna Zaituna matar Kawu, da 'ya'yansa Fawaz da Ruba, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

'Yar ƙanwarka, Arwa