Ya Habsu da Na'urar da Ke Cin Takarda Ranar Kasuwa

Ya Habsu Manzo tana fita daga gida da hantsi, kafin rairayin Gure ya fara ƙona ƙafa. A jakarta akwai abin kwance kusa, da tsohon buroshin haƙori, da ƴar kwalbar man keken ɗinki, da tabarau. Duk buron da ta shiga, wato ofis, sai ta gama gaisuwa tukuna, sannan ta dubi na'urar buga takarda ta yi tambayar da aka san ta da ita: "Wa ya taɓa ta?" Amsar ba ta canzawa: "Babu kowa, Madam." Ba ta yarda, ba ta kuma musu. Sai ta sa tabarau ta buɗe murfi.

Na'urorin da take gyarawa tsofaffi ne, irin waɗanda ake ce wa emprimanti mai allura. Ƙananan allurai ne ke dukan kirtanin tawada har rubutu ya fito, da ƙara kamar ana yaga atamfa. Takardarsu doguwa ce, a ninke cikin kwali, da huji jere a gefe biyu inda haƙoran na'urar ke kamawa su ja. A manyan birane an manta da su. A nan suna nan, domin suna jure zafi da rairayi, kuma bugu ɗaya yana fitar da kwafi uku, fara da rawaya da ja, a tare.

Da aikin daktilo ta fara, wato bugun keken rubutu. Da aka kwashe kekunan rubutu aka kawo ordinata, wato kwamfuta, na'ura kan lalace a zauna jiran mai gyara daga Damagaram har aiki ya taru. Ita ce ta gaji da jira ta kwance ta farko. Daga nan sauran burori suka fara aiko mata. Bana ta ce ta ajiye aikin, domin ido ya rage kuma hannu ya fara rawa.

Rumasa'u, mai yankan tike a wata tashar mota, ta ba ni labarin lokacin da takarda ke fitowa a karkace kullum da safe. Ya Habsu ba ta kwance komai ba. Ta durƙusa ta shafa ƙasan kwalin ta ji danshi. Mai shara ne ke yayyafa ruwa kafin ya share, takardar ƙasa ta sha, hujinta ya yi laushi. Aka ɗora kwalin a kan bulo biyu, magana ta ƙare. Irin wannan labari na ji da dama.

Sai dai akwai wani labarin kuma, wanda ba a faɗa a gabanta. An daɗe ana cewa a garin nan idan ta gyara na'ura takan bar wani abu a ciki don a sake kiran ta. Na ji shi a bakin mutanen da ba su san juna ba, kuma ban ga amfanin yabon da ya tsallake shi ba. Don haka na bi shi baki-baki. Duk wanda na tambaya inda ya ji, sai ya nuna mini wani, har aka kai ni wuri ɗaya: buron wata ƙungiyar makiyaya da ke kusa da kasuwar dabbobi.

A buron nan ake buga wa makiyaya takardar karɓar abincin dabbobi. Mai bugawa Sufiyanu ne, sakataren ƙungiyar. Shugabanta kuwa Bubakar ne, makiyayi ɗan makiyaya, mutum mai kiyaye girman manya. Wata shekara aka ba su sabuwar ordinata. Da aka haɗa ta da tsohuwar na'urar, sai ta kama zubo alamomin da babu mai iya karantawa, tana jan takarda ba tsayawa. Aka kira Ya Habsu.

Abin da ya faru, in ji ta, shi ne sabuwar ordinatar ba ta san tsohuwar na'urar ba. Tsakaninsu akwai ɗan shirin da ake sakawa ya zama tafinta, masu sana'ar suna ce masa pilot. Na wannan na'urar ya tsufa, sabuwar ordinata ta ƙi karɓarsa. Sai ta nemo na wata ƙanwar na'urar da aka ƙera daga baya, wadda suke jin umarni iri ɗaya, ta saka. Ta kuma gyara tsawon shafi, domin ordinatar tana ɗauka takardar buro ce ta yau da kullum, alhali mai huji ta fi ta gajarta. Rubutu ya fito tsaf. Ta tafi.

Ranar kasuwa na'urar ta ci takarda. Ta dawo ta zare, ta gwada, lafiya lau. Kasuwar gaba ta sake ci. Ta sake dawowa. A nan ne Sufiyanu ya lura da wani abu ya nuna wa shugaba: sunan da ke rubuce a jikin na'urar daban, wanda ke fitowa a fuskar ordinata daban.

"Ban ce ta yi wani abu ba," in ji Sufiyanu da na tambaye shi. "Na dai ce, Perzidan, duba nan, duba nan. Shi ya haɗa sauran."

Bubakar ya haɗa. Ga mace ta saka abin da ba na na'urar ba, ga na'ura tana aiki a gabanta, tana juya baya ta lalace, kuma sai ranar da mutane suka taso daga Alakos da Gamu suna jira a rana. Ya faɗa wa mutum biyu ko uku. A Gure hakan ya isa. Wani mai farmasi ya ɗora tasa na'urar a mota zuwa Damagaram maimakon ya aika mata. Wayarta ta rage ƙara. Ita ba ta san dalili ba sai a wani gidan suna, inda ƙawarta Biba ta matso ta ce mata, "Ke, ashe aljani kike bar musu a ciki? Ki sammana ɗaya mana, in saka wa keken ɗinkin maƙwabciyata." Biba da wasa ta faɗa. Ya Habsu ba ta yi dariya ba. A gari irin namu, mai gyara ba shi da abin da ya wuce sunansa.

Kasuwar da ta biyo baya ta je buron ba a gayyace ta ba, ba kuma jaka.

"Madam, ba mu kira ki ba," in ji Bubakar.

"Na sani, Perzidan. Zama na zo yi. Ga hannuwana, ka gan su." Ta mayar da su cikin hijabi ta zauna a benci.

"Zaman me?"

"Kai kana zargina, ni kuma ina zargin yaronka. Sai mu zauna mu ga wa zai riga."

Sufiyanu ya ce tun da yake bai taɓa buga takarda da gumi irin na ranar ba. Ita ma ta tabbatar mini shi ta sa wa ido. Ta zaci yana murɗa takarda baya da hannu alhali na'urar a kunne, kamar yadda masu tsimin takarda ke yi, ko kuma yana ture sandar da ke zaɓar hanyar jan takarda. Bai yi ko ɗaya ba. Takardu suka yi ta fita, yana jira na'urar ta turo kowace zuwa wurin yagewa, ya yage, ya miƙa ta taga. Har rana ta take babu abin da ya faru. Bubakar ya fara kallon ta ta gefen ido, irin kallon da ke cewa: ga shi kina nan, ta yi lafiya.

Sai ga Arɗo Jibirin, dattijo daga Alakos, da sandarsa. Bubakar ya miƙe tsaye. A wurinsa ba a barin mutum irin wannan a layi, ba a kuma barin yaro ya miƙa masa abu ta taga da hannu ɗaya. Ya sa aka buga tasa nan take. Allurar ba ta gama layin ƙarshe ba ya kama takardar da hannu biyu, ya ɗaga ta sama ya fizge, ya fita ya rusuna ya miƙa wa Arɗo. Babu wanda ya ga abin mamaki. Amma fizgar ta sa haƙoran gefe ɗaya sun tsallake huji. Takardar da ta biyo baya ta fito a karkace. Ta bayanta ta nannaɗe a ciki, na'urar ta tsaya tana kuka.

Na tambayi Sufiyanu me ya hana shi faɗa tun farko, tunda a gabansa ake yi duk kasuwa. Ya dube ni kamar na yi tambayar banza. "An ce wa ya taɓa na'ura. Shi ai takarda yake taɓawa. Kuma Perzidan ne."

Arɗo yana zaune a inuwa, mutanensa na kewaye da shi. Ya Habsu ta bari Sufiyanu ya zare takardar da ta maƙale, ta bari aka yi sallar azahar, buro ya yi fili. Sannan ta ce wa Bubakar tana da magana, ta sa Sufiyanu ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai ne, Perzidan."

"Ni? Ni da nake aikawa a kira ki?"

"Kai ne. Ba ta cin takarda sai babba ya zo, kuma babba ba ya zuwa sai ranar kasuwa. Ladabi kake yi, ban ce ka daina ba. Ka bar ta ta gama, Sufiyanu ya yage ya ɗora a faranti, kai ka ɗauka ka kai."

"In na yi haka ta sake ci fa?"

"To ka hau moto ka zagaye gari ka ce ni ce."

Aka janye teburin daga taga zuwa bangon ciki, bayan kujerar Sufiyanu, inda hannu ba ya kaiwa sai an zagaya. Aka samo faranti. Kasuwanni suka wuce, na'urar ba ta sake ci ba.

Ba ta faɗa wa kowa ba, har Biba. Zargin ya ci gaba da yawo, domin wanda ya fara shi bai tsaya a gaban jama'a ya janye ba. Abin da ya yi shi ne, ranar da kirtanin tawada ya ƙare, ya ɗaga murya a gaban makiyaya ya ce kada kowa ya taɓa, a je da motonsa, wato babur, a ɗauko Ya Habsu, a kuma biyo da ita ta tsakiyar kasuwa. Wasu sun gane, suka koma kiran ta. Wasu ba su koma ba har yau.

Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru alhali ita ake ci. Ta ce, "In na faɗa, gobe Arɗo ya shigo, sai Perzidan ya ji nauyin tashi. Kuma da ni ce shi, ni ma da na yi zargi. Sunan nan biyu ai ba ɗaya ba ne." Ta ƙi yarda in rubuta wannan sai Bubakar ya amince. Na same shi a kasuwa yana duba haƙoran wani bijimi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce haka aka yi. "Rubuta. Amma ka rubuta cewa Arɗo na tashi wa." Da na juya zan tafi ya ƙara da cewa, "Pilot ɗin nan dai har yanzu sunansa daban." Na kira Fadilu, wani mai gyara a Damagaram da bai san ta ba, na kwatanta masa. Ya ce shi ma haka yake yi idan na asali ya ƙi shiga, babu wata hanya. Na isar wa Bubakar. Ya ce ya ji.

Ya Habsu, ke ce ba ki taɓa yarda da "babu kowa" ba, kuma ba ki taɓa kunyata wanda kika kama ba. Ke ce aka ɗauke wa aiki a kan laifin da kika ga mai shi da idonki, kika jira aka watse kafin ki faɗa masa. Takardun da suka fita daga na'urorin garin nan suka tafi Gidigir da Gamu da rugage babu sunanki a kan ko ɗaya. Mun gode. Allah ya ƙara wa idon haske, ya sa hutun ya yi albarka.

Masu tasowa a wannan sana'a su ɗauki abin da ta bari: a tambaya, a duba da ido, a yi gyara a gaban mai kaya, kuma idan laifin na mutum ne a faɗa masa shi kaɗai. Waɗanda suka ɗauke mata aiki kuwa, ga abin da na samo. Na bi maganar har tushenta, ban sami na'ura ko ɗaya da Habsu Manzo ta ɓata ba. Kun san ƙofar gidanta. Ta daina gyara, amma tana amsa sallama.