Oba-obar Bakin Jinga

Shekarar da kogi ya tumbatsa, ni aka damƙa wa oba-oba irin ta 'yan sanda a bakin jinga, wato buhunan ƙasar da muka jera don tare ruwa daga garinmu, can gabas da Haɗeja. Ɗayar tana hannun yayana a cikin gari. Aikina guda ne: in na ga jinga za ta ɓalle, ko an zo fasa ta, in kira shi ya kwashe mutane. Waya ba ta aiki, tun da ruwa ya kayar da turakun wuta sabis ya ɗauke.

Da farko ƙaramin farantin sola nake shanyawa a kan bukka in yi caji, sai marka ta kankama, kwana da kwanaki ba rana. Na koma batirin babur ɗina. Na yanke kan cajar mota, na ƙara mata wayoyin wani tsohon injin famfo. Duka biyun baƙaƙe ne, don haka na yi wa ta wuta ƙulli in riƙa gane ta. In na tada babur na haɗa, kafin in cinye masara biyu ta ɗan farfaɗo. Har cika baki nake wa abokan gadi, wai da na yi boko jirgi zan ƙera.

Ruwan da muka tare kuwa kan shinkafar mutanen ƙetare ya koma. Sau biyu suna aiko dattawa a buɗe musu ko kaɗan ne. Ni na tari numfashinsu na ce su je su sha shi. Ina da zuciya, ban taɓa musu ba.

Wata Talata bayan azahar sai ga kwale-kwale huɗu maƙil da maza, da fartanyu da gorori. Mu shida ne. Na danna oba-oba, ta yi ƙyas ta mutu, ashe tun safe na bar ta a kunne. Na ruga wurin babur na tada shi, wayoyin duk taɓo. Ban tsaya laluben ƙulli ba, na haɗa. Tartsatsi ya tashi, ƙauri ya bugi hancina, hayaƙi ya fito ta gindinta. Na gane na juya wayoyin.

Haushin kaina na sauke a kansu. Na suri shebur na maka wa na farkon da ya hau jinga a fuska, na ji ƙashi ya ba da ƙara, ya faɗa ruwa da baya. Wani ya sauke mini gora a ƙeya, na durƙusa, aka bi ni da duka har haƙorana biyu suka zube. An sari abokina a kafaɗa, jini ya rina masa riga. Ina kwance fuskata a taɓo ina jin fartanyu suna yaga buhuna. Da jinga ta buɗe, ƙarar ruwan ta shanye ihun kowa.

Kafin la'asar ruwa ya shiga gari, ba wanda ya shirya, domin yaya ya ce wa mutane tunda ban kira ba lafiya lau ne. Ya shiga ɗauko mahaifiyarmu, ya fito da ita, katanga ta rufto masa a ƙafa. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da na je duba shi, bakina a kumbure, sai ya kama hannuna. Ba faɗa a muryarsa, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Me ya hana ka kira na?"

"Yaya, oba-obar suka fara ƙwacewa," in ji ni.

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya raba ni da ita. Na ce amin. Har yau in yana ɗaura ƙafar roba da safe sai ya maimaita, ni kuma in amsa.