Dogara da Lamba Talatin da Takwas

Dogara maƙwabcina ne a unguwar Mansura, a Doha ta Qatar, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Kafanchan ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Matarsa Asabe nas ce. 'Yarsu ɗaya, Talatu, mai kan da ya fi nawa da nasa a haɗe. Ni direba ne, aji huɗu na tsaya, amma labarin mutane kam na sauke shi.

Da Talatu ta gama firamare, Asabe ta gano wata sakandare ta gidauniya: gwamnati ta ba da izini, kwamiti ke tafiyar da ita, talaka na iya kai ɗansa. 'Ya'yan Sudan, Filifin, Nepal, Kenya, duk aji ɗaya. Kujera ɗari da ashirin, masu nema sun kusa dubu. Asabe ta ce in ba a samu ba zuwa Janairu, yarinya za ta koma gida wajen gwaggonta.

Dogara ya sa Talatu a gaba wata uku, lissafi safe da yamma. Sai takarda ta zo: babu jarrabawa, ƙuri'a ake yi.

Ya buga mini ƙofa. "Malam Surajo, makaranta ce ko adashe?"

Na ce, "Baban Talatu, ka taɓa ganin ƙuri'ar da ba ta da ubangida? Nemo wanda za ka gaisar."

Wallahi wasa nake. Shi kuwa ya guge riga. Lokacin korona ba ta gama sakinmu ba, ba a barin iyaye su shiga. Ya nuna wa mai gadi koriyar alamar Ehteraz, manhajar korona, a wayarsa, mai gadi ya nuna masa hanya. Sati biyu yana gaishe shi kafin ya gane mutumin ko sunan shugabar makarantar bai sani ba.

Ranar ƙuri'a muka zauna kan waya. Wata mata da takunkumi ta danna kwamfuta, lambobi suka zubo. Talatu ta faɗa layin jira, ta talatin da takwas.

"Talatin da takwas bisa ɗari?" in ji Dogara. "Yarinyar da ba ta taɓa sauka daga na biyu ba?"

"Baba, layi ne," in ji Talatu. "Sai wani ya fita."

"To wa ke fitar da su?"

Ya kira ofis. Aka ce kwamfuta ce ta zaɓa. Ya ce ya ji, amma wa ke riƙe da kwamfutar? Matar ofishin ta ce, "Khalas, shi ke nan, Mista Dogara, ka jira."

Satumba ta wuce, Talatu na gida. Gasar ƙwallon duniya ta matso, masu gidaje suka tsawwala haya, iyalai suka fara tattara kaya. Lamba ta fara sauka: ashirin da tara, sha huɗu, shida. Kowane saƙo ya shigo, Dogara ya tambaye ni wace gaisuwar ce ta ci. Na ce ta mai gadi ce, ya ƙara. Ya aika aka kawo masa kilishi daga gida, ya ajiye don ranar godiya.

Aka gama ƙwallo, lamba ta maƙale a ɗaya. Asabe ta sauko da akwati.

Ranar Laraba Ustaz Haisam, Basudanen hawa na uku, ya ƙwanƙwasa. Kwangilarsa a filin wasa ta ƙare, kafil, wato mai ɗaukar nauyinsa, ya soke biza. Ya miƙo kayan makarantar 'yarsa Aishatu, wadda ke makarantar da Talatu ke jira, a goge, a ninke.

"Mun cire ta jiya. Za su yi wa Talatu daidai."

Bai rufe baki ba wayar Dogara ta yi ƙara. An ɗauki Talatu.

Dogara ya dubi waya, ya dubi Haisam, ya dube ni. "Surajo, barka ake yi ko jaje?"



Ya shiga ciki, ya fito da kilishin, ya danƙa wa Haisam. Haisam ya juya ƙunshin ya ce na mene ne wannan.

Dogara ya ce, "Ni ma ban sani ba. Riƙe dai."

Asabe ta mayar da akwati saman kwaba. Talatu na aji biyu yanzu. Har gobe in Dogara ya kai ta, sai ya sauka ya gaida mai gadi hannu biyu. Ya ce ba a sani ba.