Kalar Iya Ƙaltume a Uhudu

Iya Ƙaltume maƙwabciyata ce a unguwar Uhudu ta Madina, bango ɗaya ya raba mu, har in ta yi tari da asuba sai in ce mata sannu daga kan shimfiɗata. Babarbariya ce daga wajen Damagaram, ni kuma Bafulatana, don haka ba mu taɓa rabuwa ba tare da mun tsokani juna ba. Ni ina ce mata baiwata, ita tana ce min 'yar Fillo mai warin nono, ko da yake rabona da ganin saniya tun ina goye.

Shekarar babban fari suka zo ita da mijinta Abdou, suka yi aikin Hajji suka zauna. Shi ya samu aikin ban ruwa a wata gonar dabino wajen Al-Ranuna, ita tana kan iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama. Da ya rasu a tsakiyar shekarun casa'in, takardar zamanta ta mutu tare da shi. Ɗansu Idrisa, direban tankar ruwa, ya yi ta zirga-zirga wajen kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, a mayar da ita kan tasa, kullum sai a ce masa bukra, wato gobe. Ita kuwa abu ɗaya ya rage mata a duniya. Tana so ta mutu a Madina, a sallace ta a Harami, a kai ta Baƙi'a inda aka kai Abdou. Duk unguwa an san haka, kuma an san in aka kama ta ba takarda, gida za a mayar da ita.

Sai ga shi Iya ba ta iya zaman ɗaki ba. A filin da ke gaban dutsen Uhudu masu ziyara suna sayen alkama su watsa wa tantabaru. Tsuntsayen nan sun ƙoshi har tafiya ke musu wuya, rabin alkamar a ƙasa take kwana. Da hantsi, in motocin ziyara sun ɗaga, sai Iya ta fita da gajeriyar tsintsiya da faifai ta duƙa tana tattarawa. Ta dawo ta bakace, ta tsince tsakuwa, ta wanke har ruwan ya fito fari, ta shanya a saman soro, ta dama kunu ta aiko min.

Na ce, “Iya, kunun kashin tantabara ne yau ma? Ashe Barebari har da tsuntsu kuke rabon gado.”

Ta ce, “Sha ki yi shiru, 'yar nema. Jiya wa ya lashe kwanon?”

Gaskiya ni na lashe.

Jikarta Zahra, wadda aka haifa a nan, tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Ran nan ta tare ta a ƙofa tana kuka, wai 'yan makarantarsu sun ga kakarta tana shara a titi. “Aib, ya jadda! Wannan shahata ce, bara ce!”

Iya ta ajiye faifai. Ta ce ba bara ba ce, kala ce. Yarinyar ba ta taɓa jin kalmar ba, sai Iya ta zaunar da ita. A garinsu, in an gama girbin gero, mai gona ya ɗaure dammansa ya kwashe zuwa rumbu, to abin da ya faɗi a ƙasa ba nasa ba ne kuma. Na tsofaffi ne da matan da mazansu suka mutu. Su shiga da rana tsaka su tsinci zangarniya ɗaya-ɗaya, ba sa roƙon kowa, ba kuma mai hana su. Da kala uwarta ta ciyar da su bayan mutuwar ubansu. Amma kala tana da doka. Ba a shiga sai damin ƙarshe ya fita. Ba a sayar da abin da aka kalato. Kuma mai kala ba ta gudu. In mai gona ya ɓullo, ki miƙe ki gaishe shi, kwaryarki a buɗe ya ga abin da ke ciki. Wadda ta ruga, ta shaida wa gari cewa ɓarauniya ce.

Na leƙo ta kan katanga na ce, “To Iya, a nan wane ne mai gonar, tantabarun?”

Ta jefe ni da tsintsiya.

Idrisa ya roƙe ta, ya yi fushi, har ya ɓoye faifan. Ya ce, “Inna, nan ba Damagaram ba ce. Ki bari takarda ta fito.” Ta ce ba za ta zauna tana kallo ana taka abinci da takalmi ba, alhali ta binne 'ya'ya biyu saboda rashinsa. Daga nan ya fito mata da faifan.

Ranar da abin ya faru ina wajen, na je sayen na'ana'a a bakin filin. Motar masu kamun marasa takarda ta shigo ba ƙara. Matan da ke sayar da alkama a leda suka gane motar tun daga nesa, kowacce ta suri tabarmarta ta faɗa lungu. Iya kuwa tana duƙe tana tattara alkama, na ƙwala mata kira, “Iya, yalla, gudu! Ki shigo nan!” Lungun bai fi tsawon ɗaki biyu daga inda take ba. Da ta shiga, da shi ke nan.

Ta ji ni sarai, don ta waiwayo. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta tsaya. Da jami'in ya iso ta yi masa sallama ta miƙa masa faifan ya gani. Shi bai ko kalli alkamar ba, iƙama ya tambaya. Na ji tana ce masa da Hausa, “Ɗana, ban sayar ba, kala ce.” Bai ɗaga mata murya ba, har ya riƙe mata hannu ta hau motar. Ni kuma ina tsaye da tawa takardar a jaka, ba abin da ta amfana mata.

Idrisa ya bar aiki ya bi ta har gidan tarhil na Jidda, inda ake tara waɗanda za a mayar. Kafilinsa ya sa baki, amma an riga an ɗauki hoton yatsunta. Kafin azumi aka sa ta jirgin Yamai. A ƙauyensu duk sa'anninta sun mutu, wani ɗan ƙanen mijinta ne ya ba ta ɗaki.

Ba ta kai damina ba. Idrisa ya je shagon waya a bakin titi ya kira wani mai kanti a Damagaram, aka ce masa ai kwana uku ke nan da binne ta. Muka shimfiɗa tabarmi a ɗakinta muka karɓi gaisuwa ba gawa. Har ya bar unguwar nan, in an ce sallar jana'iza a Harami, Idrisa yakan yi sallar tare da jama'a, amma bai ƙara bin makara zuwa Baƙi'a ba.