Tumbin da ke Rufin Shagon Alhaja

Shekara uku na yi ina dako a kasuwar Bodija kafin hannuna ya taɓa siminti. A dako ƙa'ida ɗaya ce: ka ruga da kaya, ka dire, ka rugo ka ɗauki wani kafin a riga ka. Ni kuwa lokacin ji nake da ƙarfi, da buhun albasa a ka nake wuce masu baro ina yi musu tsiya. Amma na gaji da aikin da ba ya barin alama. Gini nake so in koya.

A ƙarshen shekarun tamanin duk Sabo an san wani heluma, wato shugaban leburori, siririn Bakatsine mai magana ƙasa-ƙasa. Rana ɗaya tak yake gwada mutum. In ya ce ka dawo gobe, ka sami sana'a. In ya ce maka Allah ya saka da alheri, to ka koma inda ka fito.

Ranar gwajina ta faɗo ranar zuba dekin, wato rufin kankare, na benen wata Alhaja Bayarabiya. Dekin ba a yi masa rabi a bari. In kankaren farko ya bushe kafin na biyu ya same shi, wurin zai yi ta yoyo har abada. Ga damina, ga hadari yana leƙowa ta wajen Ojoo tun da hantsi.

Heluma ya jera mu da kwanukanmu a gindin katakon hawa. A gaban layin ya sa wani tsoho da ke tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Ya ce, "Kowa ya bi ƙafar Baba. Ba a wuce na gaba, kuma inda birkila ya nuna nan za a juye."

Na dubi tsohon, na dubi hadarin, na ce a raina wannan heluman bai san aiki ba. Sawu biyar na daure. A na shida na ratse Baba, na haye da gudu, na juye a kusurwar da ta fi kusa, na sauko. Wasu 'yan dako biyu da muka zo tare suka ga abin ya yi kyau, suka biyo ni. Muka mai da wurin Bodija. Birkiloli biyu ne kawai a sama, suna can ɗaya gefen suna baje nasu, mu kuwa muna ta tara tsibi wuri guda. Wallahi har daɗi nake ji, ina jiran yabo.

Sai gorar da ta tokare katakon da ke ɗauke da kankaren daga ƙasa ta yi ƙara, katakon ya lotsa daidai inda muka tara tsibin.

Heluma bai yi ihu ba. Hannu ya ɗaga, kowa ya tsaya. Ya tura kafinta ƙasa da gora huɗu, ya sa birkilolin suka kwashe tsibin da shebur. Kafin a gama sai ga Alhaja ta taso daga inda take zaune, ɗankwali a hannu, tana faɗa da Yarbanci tana haɗawa da Hausarta ta kasuwa: "Oga, wane ne? Nuna mini shi!"

Ina tsaye da kwano, siminti har gira. Heluma ya ce, "Ni ne, Alhaja. Ni na jera su, ni ban tsaya a bakin katakon hawa ba." Ta wanke shi tas a gaban yaransa, mutumin da ya yi jika. Bai ko dubi inda nake ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ta koma, ya zo ya kama kafaɗata, ya kai ni bayan Baba. "Samari, ƙarfinka naka ne, amma dekin na mutum ashirin ne. Abin da birkila zai iya bajewa shi ake kai masa."

Haka na yini ina kallon dugadugan tsohon nan. Sai a lokacin na lura ba ya tsayawa, ba ya haki, kwanonsa na la'asar daidai yake da na safe. Heluma yana cire mutum uku-uku su yi salla su ci abinci, layin bai taɓa yankewa ba. Muka juye kwanon ƙarshe, aka rufe da leda, sannan ruwan ya sauko.

Da aka zo sallama heluma ya yi wa abokan nan nawa biyu Allah ya saka da alheri. Na sunkuyar da kai ina jiran tawa. Ya ce, "Kai ka fara, kai za ka gyara. Gobe bayan asuba ka zo da bokiti. Kwana bakwai za ka yi kana ba dekin nan ruwa, mu ga ko shi ma da gudu za ka yi."

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa, har na riƙe nawa layin. Ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa. Ƙasan benen nan shago ne, kuma in ka ɗaga kai a kusurwar hagu za ka ga rufin ya ɗan yi tumbi. Jikokin Alhaja har yau cewa suke kuskuren wani tsohon heluma ne. Duk wanda na ji ya faɗa, sai na tsaya na gaya masa ko na wane ne.