Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Shekarun baya, lokacin haihuwata ta fari, na dawo gidanmu a cikin garin Daura wankan jego kamar yadda aka saba. Maigidana yana Mai'adua wajen kasuwancinsa, duk Juma'a yake leƙo mu.

Sai na fara gaya muku halin mahaifiyata, in ba haka ba labarin ba zai zauna ba. Ni ce 'yarta ta fari, ita kuma Bafulatanar wajen Sandamu ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" nake, ko "'yar gidan Goggo", domin goggona, yayar mahaifina, ita ta raine ni tun daga yaye. In Inna tana son in ɗebo ruwa, ƙanwata take gaya wa, ko da ina tsaye a gabanta. Ina ƙarama na sha kuka a ɓoye, ina zaton tsinto ni aka yi.

To, Goggo ce ta karɓi wankan. Safe da yamma ga tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ga kunun kanwa, ga nama da yaji. Ni kuwa da ma ba a bar ni a baya wajen ci ba, na ɗaura ɗamara ina ramuwar wahalar ciki.

Bayan suna da 'yan kwanaki na fara jin wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarina na dama. Cikin da ya fara sauka ya koma tashi. Da farko dariya na yi, na ce kunu ne ya karɓe ni. Amma zanen da nake ɗaurawa ya zagaye ni har ya yi saura, sai ga shi da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Ƙafafuna suka kumbura. Naman da nake wawura na koma ko ƙamshinsa ba na so.

Na gaya wa Goggo. Ta latsa cikin ta ce, "Sanyi ne ya shige ki, kin cika raki. Mu da muka haifi takwas ba mu mutu ba." Aka ƙara wa ruwa wuta, aka ƙara wa kunu kanwa. Ba mugunta ba ce, abin da ta sani ke nan, kuma da shi ta tashi mata da yawa.

Wata rana mata sun cika tsakar gida, na fito ina dafa bango. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce wa Goggo, "Yaya, cikin waccan kamar bai yi daidai ba."

Goggo ta tafa hannu. "Iko sai Allah! Yau Fulani sun ajiye kunya, an fara duba cikin 'yar fari!"

Aka kwashe da dariya. Inna ta sunkuyar da kai, ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki.

Daga nan tsoro ya kama ni sosai. In na kwanta, numfashi ya gagara, sai in jingina da bango ina shayar da jaririyata, ina kallon tsakiyar kanta ina tunanin wa zai riƙe ta. Na duba madubi na ga farin idona ya yi ruwan ɗorawa. Ina son in ce a kai ni asibiti, amma mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma ina tsoron a ce 'yar boko ta raina wankan gida. Maigidana in ya zo a zaure yake tsayawa, ni kuma in lulluɓe da mayafi in ce masa da sauƙi.

Ranar wata Juma'a da safe, Goggo ta zaunar da ni a kan turmi za ta fara watsa ruwa, na ji duniya tana juyawa, na sulale ƙasa. Abin da ya biyo baya ƙanwata ce ta ba ni labari. Ta ce Inna ta jefar da taɓarya, ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta nufi zaure, inda maigidana yake zaune. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, in ta ji sallamarsa ma ɗaki take shigewa, ita ce ta tsaya a gabansa ta ce, "Tashi ka nemo mota yanzu. Ba sanyi ba ne."

A asibitin garinmu suka duba ni, suka ce mu wuce Kano. A hanya wani barci mai nauyi ya yi ta jana, irin wanda mutum ke jin daɗin sallama masa. Ina jin kukan jaririyar a hannun Goggo can nesa. Sai na ji ana kiran sunana, ana maimaitawa, ana marin kumatuna. Wallahi ban gane muryar ba, domin ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Na buɗe ido don in ga wace ce. Kaina yana kan cinyar Inna.

"Kar ki yi barci," in ji ta. Ta sake kiran sunan. "Ki dube ni."

A Kano, da aka yi hoton cikin, likita ya yi mana bayani. Hanta tana da jijiyoyin da ke kwashe jini daga cikinta su mayar wa zuciya. Nawa jini ya daskare ya toshe su, kamar kwatar da shara ta toshe da damina, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin gida. Shi ya sa hantar ta kumbura, ruwa ya taru a cikina. Ya ce jinin wasu mata yana saurin daskarewa bayan haihuwa. Ba wankan ne ya jawo ba, amma kanwa da gishiri suna ƙara tara ruwan. Goggo ta fashe da kuka, sai da likitan ya koma lallashinta. Suka zuƙe ruwan, suka sa ni a kan maganin tsinka jini, kuma har yau ina shan sa.

Abin da nake gaya wa duk mai jego shi ne, in ciki ya koma tashi bayan haihuwa, ko ido ya canja, kada ta jira arba'in. Har yanzu in na ji ɗan nauyi a gefen dama gabana faɗuwa yake.

Inna kuwa muna dawowa gida ta koma gidan jiya. Na taɓa tsokanarta na ce na ji ta a mota. Ta kawar da kai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan zafin ciwo ne ya sa ta jiye-jiye."

Ba ta sake kiran sunan ba, ni ma na daina jira. Amma ba a yin mako ƙanwata ba ta bugo waya ba ta ce, "Inna ta ce a tambayi waccan ko ta sha maganinta." Ni kuma in ce ta gaya mata na sha, ina jin numfashin Inna a kusa da wayar.