Wa Ke Jin Tsoron Nan?

Da hantsi muna haƙar citta ni da Kaka, sai na hango hayaƙi ta wajen gidajenmu, ga shi ba lokacin ƙona daji ba ne. Sai harbi. Yau shekara guda cif.

Kaka ya ja ni cikin kwazazzabo, muka kwanta a laka. Ina jin takun mutane a samanmu, ihu ya taso mini har maƙogwaro.

Kaka ya yi aikin reluwe a Kafanchan da wani Ba'indiye, wanda ya koya masa wata tambaya da muke yi wa dariya a gida. Nan cikin laka Kaka ya matso kusa da kunnena, hannunsa na ƙamshin citta.

"Matata, wa ke jin tsoron nan? Nemo mini ita."

Na nema. Na sami bugun ƙirji da rawar gwiwa, amma ita mai jin tsoron ban same ta ba. Ina cikin nema takun ya wuce.

Kaka ya ce bari ya leƙa hanya. Bai dawo ba.

Da la'asar matar fastonmu ta ɗago ni. "Fito, 'yata, sun tafi." Ta kasa kallon idona.

Ubangiji Ya ba Kaka salama a inda babu gudu.